Man da Kawu Bai Kai ga Gogewa Ba

Takalman masu gaisuwa sun cika lungun shiga gidanmu na unguwar Longsight, a Manchester, har sun hau matakala ta uku. Aikina ke nan a kwana ukun zaman makokin Kawu: in jera takalma, in kai shayi, in kwaso kofuna. Mai jera takalma ba a ganinta, don haka na ji komai.

Maza suna falon gaba tare da Baba. Yawancinsu daga wurin aiki suka biyo, wasu ma da katin asibiti a rataye a wuyansu. Kowa ya zauna sai ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." A amsa da amin. Daga nan wani ya tambaya, "Wai me yake yi ne a Birmingham ɗin?"

"Harkar electronics," in ji Baba. Duk wanda ya tambaya, amsar ke nan, kuma yana faɗa yana miƙa masa farantin dabino.

Wani likita ya ce ya tuna shi sarai, wani dattijo mai fara'a da suka haɗu a wani ɗaurin aure. Ba Kawu yake nufi ba. Kawu ba shi da fara'a, kuma bai taɓa zuwa ɗaurin aure a Manchester ba.

Mata suna ɗakin baya. A rana ta biyu wata Hajiya 'yar Kumasi da take sayar da atamfa a Cheetham Hill ta shigo da ƙatuwar kular shinkafa da wake. Ta taɓa zama a Birmingham. Tana zama ta ce, "Wai ba shi ne tsohon nan mai gyaran teburin caca ba? Wanda ƙwallo yake yawo a ciki yana ƙara? Ai na san shi! Kullum hannunsa warin fetur."

Nan da nan Anti Babba, yayar Mama, ta tura mata faranti ta ce, "Hajiya, ga cincin."

A duk kwana ukun nan ita kaɗai ta faɗi abin da ya yi kama da shi, ko da yake ba caca ba ne. Shi ya sa nake rubuta wannan. Akwai kuma dalili na biyu, gara in faɗe shi tun yanzu. Injin ƙarshe da Kawu ya yi shekara uku yana gyarawa, mu danginsa muka lalata shi da hannunmu, kwana tara bayan rasuwarsa. Ina tsaye a wurin, na san abin da ake yi, ban hana ba. Har yau Mama ba ta san an lalata komai ba.

Kawun Mama ne, ƙanin kakata. A bakinta muka ɗauki sunan, har Baba ma Kawu yake ce masa. Ya baro Kano tun kafin Mama ta gama firamare, ya zo karatun injiniya, bai gama ba. Ba a faɗar dalili a gidanmu. Abin da na sani shi ne ya sami aiki a wani kamfani da yake ajiye injunan wasa a gidajen shayi da mashaya, ya yi shekaru yana yawo a mota yana gyara su. Da kamfanin ya rushe sai ya koma mai kula da ginin wata cibiyar matasa a unguwar Handsworth ta Birmingham, inda suke da irin injunan guda uku.

Pinbol ake ce wa injin. Tebur ne dogo mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi. A ƙarƙashin gilashin akwai katako mai fenti da ya ɗan gangaro, cike da fitilu da 'yan sanduna masu zoben roba. Ka harba ƙwallon ƙarfe ya hau sama, ya gangaro yana karo da abubuwa, kai kuma kana mayar da shi da wasu 'yan hannaye biyu kada ya faɗa rami. Katakon nan mai fenti Kawu yake ce wa fili. Waya da fitila kowa zai iya canzawa, in ji shi, amma fili in ya tafi ya tafi.

Duk wata Mama takan hau doguwar bas ta kai masa miya a robobi, ni kuma in raka ta. Yana hawa na huɗu, lif ɗin ya fi yawan kwana a lalace. Yakan buɗe ƙofa ya ce, "Uwar ɗakina ta iso. Malama, an zo da littafi?" Malama ni ce, saboda ba ya ganina babu littafi a hannu. Mama takan wuce kicin kai tsaye ta hau wanke-wanke da faɗa a kan tukwanensa. Ƙaramin ɗakin da injin yake ba ta shigarsa. Ta ce warin yana sa mata ciwon kai, amma ina jin saboda Baba ne. Ni nakan zauna a kan wani akwatin katako a bakin ƙofar, littafi a buɗe, ido a kansa.

Ba ya bari a taya shi. Ko tsumma ban taɓa miƙa masa ba.

Da farko yakan zare gilashin, ya naɗe shi a bargo, ya jingine a bango. Sai ya cire duk abin da yake kan filin, ɗaya bayan ɗaya, yana zuba kusoshi da noti a kwalayen ƙwai, kowane gurbi da wurin da aka ciro nasa. Tsummansa tsofaffin singiletinsa ne da ya yayyanka murabba'i. Yakan ɗiga wani farin mai mai warin fetur, wanda yake bushewa kafin ka ƙifta ido, ya goga a hankali a wurin da bai wuce faɗin tafin hannu ba. Goga ɗaya, ya juyo tsumman ya duba. Goga ɗaya, ya duba.

"In kin ga baƙi, datti ne," ya ce mini. "In kin ga shuɗi, kin fara sata."

Zanen filin na sararin samaniya ne: shuɗi mai duhu, taurari, roka ja, da wasu 'yan sama jannati biyu suna ɗaga hannu. Gaba ɗayansa ya yi rawaya-rawaya, kamar tsohon hoto. Na taɓa tambayarsa yaushe zai cire wannan. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Wannan ba datti ba ne, rigar fentin ce. Ta tsufa ne kawai. Ke in na tsufa fata za ki saɓule mini?"

Ƙwallo kuwa sai ya murza shi a tsakanin yatsu yana bin sa da farce. In ya ji ko ɗan ƙarzane ɗaya, ya tafi kwandon shara, don ƙwallo mai rauni yana cin fenti kamar yashi. Aikin ƙarshe shi ne man sheƙi. A gwangwani yake, mai kauri kamar man kaɗanya. Yakan shafa shi siriri a kan filin duka, ya bar shi ya bushe har ya yi fari kamar an barbaɗa gari. A lokacin filin ya fi kowane lokaci muni. Yakan shafa ana gab da la'asar, ya yafa wani tsohon zani a kan hoton gaban injin, ya je ya yi alwala ya yi salla. In ya dawo sai ya ɗauki busasshen tsumma ya goge. Farin ya tafi, taurari su fito ɗaya bayan ɗaya, har kana ganin fuskarka a cikin shuɗin.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini tsawa. Mama ta ba ni shayi in kai masa, hannunsa duk mai, na rasa inda zan ajiye, sai na ɗora kofin a gefen injin, gilashi kuwa a cire. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Ɗauke! Ɗauke shi!"

Na ɗauke. Mama ta leƙo daga kicin tana tambayar lafiya, ya ce mata babu komai. Da ta koma ya zauna a kan kujerarsa yana haki. Ya ce katako yana shan ruwa ta kowace tsaga, ya kumbura, ya tura fentin sama ya farfashe. Ɗigo ɗaya ya isa. "Ruwa ba ya taɓa fili, Malama. Ko na alwala ne." Bai ba ni haƙuri ba. Ba ya bayar da haƙuri. Amma da za mu tafi ya cusa mini lemon zaƙi biyu a aljihun kot.

Rigimarsu da Baba a gidanmu aka yi ta, ranar wata Babbar Salla. Baba injiniya ne mai takarda. Ana cikin cin nama ya ce ya yi wa Kawu magana da wani abokinsa mai ɗakin ajiyar kaya a Cheetham Hill, za a ba shi gadi, ya dawo Manchester kusa da mu.

"Kawu, aikin nan bai dace da shekarunka ba. Mutane suna magana. Injin caca ne."

"Injiniya, ka taɓa ganin wanda injin nan ya fito wa da ko sisi?"

"A mashaya ake ajiye su."

"A mashaya ake ajiye kujera. Ga ka kuwa a kan ɗaya."

Ƙanena ya yi dariya, Mama ta harare shi. Baba bai yi ba. Ya ce da Turanci, a hankali, abin kunya ne mutum ya ƙetaro teku don ya zama injiniya ya ƙare a goge katako.

Kawu ya ajiye tsokar da take hannunsa. Ya tashi ya wanke hannu, ya sa hularsa, ya yi wa Mama sallama, ya fita ya hau bas a Stockport Road. Bai sake taka gidanmu ba. Ba zan ce laifin Baba ne shi kaɗai ba. Baba ya kira shi sau biyu a makon, bai ɗauka ba. Mama ta roƙe shi har da hawaye, ya ce ta bar maganar in tana son ya ci miyarta. Taurin kansa ya kai haka. Shekara huɗu suka yi ba su haɗu ba, sai a maƙabarta.

Shekarar da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu ana rufe abubuwa, laburaren unguwarmu ya koma buɗewa kwana uku a mako, cibiyar su Kawu kuma aka rufe ta gaba ɗaya. An sayar da injuna biyu. Na ukun ba ya aiki, filinsa ya yi baƙi ƙirin, an fito da shi waje za a jefa a motar shara. Kawu ya nemo maza biyu suka hau da shi hawa huɗu a kafaɗa. Matar da take shugabantar cibiyar ta ci gaba da tara yaran rana ɗaya a mako a zauren wani coci, babu albashi. Ya yi mata alkawari in ya gama zai kai musu.

"Yaran nan ba su da inda za su," ya ce wa Mama. "An rufe musu komai, an ce su yi hankali."

Daga nan wasiƙun gwamnati masu ambulan ruwan ƙasa suka fara zuwa masa. Ɗaya ta ce yana da ɗakin da ya wuce buƙatarsa, ko ya koma ƙaramin flat ko a rage masa tallafin haya. Ya karanta mana a tsaye, ya nuna ƙofar ƙaramin ɗakin da haɓa. "Wai ɗakin nan babu kowa a ciki." Wata ta ce an duba shi an ga zai iya aiki, duk da gwiwoyinsa da maganin zuciya da likitansa ya ɗora shi a kai. "Sun ce lafiyata ƙalau. Allah ya sa su rubuta wa zuciyar ita ma ta sani." Yakan yanka takardun siri-siri, ya zura su tsakanin 'yan ƙarafan da suke haɗa wuta a cikin injin, ya ja, su fito da baƙi. Ya ce takardar gwamnati tana da kyau, ba ta barin gashi.

Bai koma ƙaramin flat ba. Abin da ya yi shi ne ya kashe na'urar ɗumama a duk gidan, ya bar hita ɗaya a ɗakin injin, don danshi yana lanƙwasa katako. Shi kuma yana kwana da kot da safa biyu. Ranar da Mama ta gane, ta yi faɗan da ban taɓa jin ta yi wa babba ba.

"Kawu, katako ne fa! Katako kake ji wa sanyi, kai kana tari?"

"Ni ina da kot," ya ce.

Na tsani injin a ranar. Ina rubutawa ne don kada a ɗauka kullum ina bayansa.

Akwai abu ɗaya da ya yi mini wanda ba wanda ya sani. A makaranta malamai sun gaya wa Mama cewa aikina na rubutu yana da kyau amma ba na buɗe baki a aji, ko an kira sunana sai in sunkuyar da kai. Mama ta kai ƙarata wurinsa, a gabana. "Kawu, ka yi mata faɗa. A ƙasar nan wanda ba ya magana taka shi ake yi."

"To me za ta ce musu?" in ji shi. Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Bayan nan ya kira ni cikin ɗakin, ya kashe wutar sama, ya kwantar da tocila a gefen filin yadda haskenta zai bi kan katakon a kwance. Ya ce, "Malama, idona ya gaji. Me kika gani?" Sai ya jira. Bai ƙara tambaya ba, bai taya ni da kalma ba, bai dubi agogo ba. Na daɗe. A ƙarshe na ce akwai wata jar roba mai siffar kibiya kusa da roka, gefenta ɗaya ya ɗago kaɗan, yana yin inuwa. Ya sunkuya ya shafa da farce. "Haka ne," ya ce. Tun daga ranar, duk zuwanmu sai ya kwantar da tocilar ya tambaye ni, kuma sai ya jira.

Maƙwabciyarsa ce ta ji faɗuwarsa ta bango, wata Talata da yamma. A banɗaki aka same shi, famfo a buɗe, hannun rigarsa a naɗe. Ya kwana biyu a asibiti bai farfaɗo ba. A Birmingham aka binne shi, aka dawo gidanmu zaman makoki, don Mama ce mafi kusa da shi a ƙasar nan.

Masu gidan sun ba da mako biyu a kwashe kaya a mayar da makulli. Matar cibiyar ta kira Mama ta yi mata gaisuwa, ta ce za ta zo da mota ranar Asabar da yamma ta ɗauki injin. Da safen Asabar ɗin Baba ya tuƙa mu, ni da Mama da Anti Babba. Anti Babba ma'aikaciyar jinya ce, ba ta yarda abu ya wanku ba sai ta ji warin bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Sun zo da bokiti biyu da soson ƙarfe da safar hannu. Baba ya ɗauki aikin sauke kaya zuwa mota. Ko ƙofar ƙaramin ɗakin bai kalla ba.

Sun wanke kicin, sun wanke banɗaki, sun ninke kayan sawarsa na sadaka. Wajen azahar Anti Babba ta tura ƙofar ƙaramin ɗakin.

Gilashin yana jingine a bango cikin bargonsa. Kwalayen ƙwai a jere a ƙasa. Zani a yafe a kan hoton. Filin kuwa fari fat, daga sama har ƙasa, kuma a gefensa ga busasshen tsumma an ninke shi huɗu. Nan take na gane. Ya gama. Shekara uku, ya gama, ya shafa man ƙarshe, ya tafi alwala. Abin da ya rage bai fi aikin minti goma ba, da tsumman nan da yake ajiye.

"Inna lillahi," in ji Anti Babba. "Dubi fumfuna! A cikin wannan yake zaune? Ba dole zuciya ta buga ba."

Mama ta tsaya a bakin ƙofa. Shigarta ta farko ke nan.

"Ba za a ba matar nan shi haka ba," Anti Babba ta ce tana jan safar hannu. "Ta je ta ce haka muke, ya mutu danginsa sun bar masa ƙazanta. Wallahi sai ya yi fes."

Na ce, "Mama."

Ta juyo. Idonta jawur. "Na'am?"

"Ke," in ji Anti Babba, "maimakon ki tsaya kina kallon mutane, ɗebo mana ruwan zafi."

Na tafi. Ina so a san wannan: da ƙafata na tafi. Na tsaya a kicin ina jiran butar lantarki ta tafasa, ina shirya maganar a kaina. Na shirya ta da Hausa, na ga ta yi kama da rashin kunya. Na shirya ta da Turanci, ta fi muni. Na ce zan fara da "Kawu ya ce". Na maimaita har sau uku a hankali. Na cika bokiti na ɗauko.

Kafin in dawo Anti Babba ta juye duk kwalayen ƙwan a leda ɗaya, ta fesa bilic a kan filin. Mama tana gefe ɗaya da soso a hannu, tana gogawa tana kuka, tana ba da labari. Wai lokacin tana ƙarama, a Kano, Kawu yakan ɗora ta a gaban kekensa ya kai ta sayen alawa, ya ce kada ta gaya wa kowa, ita kuma ta dawo ta gaya wa kowa. Wai tun da ta zo ƙasar nan ba ta yi masa komai ba sai miya. "Ko wannan in yi masa," ta ce. "Ko wannan."

Na ajiye bokitin a tsakaninsu.

Anti Babba ta tsoma soson ƙarfe ta hau aiki da ƙarfinta duka. Kumfar ta fara da fari, ta koma rawaya, sannan ta koma shuɗi. Ta ɗaga soson ta nuna wa Mama. "Kin ga abin da yake fita? Dattin shekara nawa ne wannan?" Ruwa yana bin gangaren, yana shiga ramukan kusoshi, yana ɗiga a kan kafet ta ƙasa. Ina jin ɗigarsa. Sun canza ruwa sau biyu, kuma ni na ɗebo duka biyun.

Da suka gama, yana jiƙe, ya yi kyau. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Rawayar ta tafi, jan rokar ya yi ja sosai, Mama ta ja da baya tana share fuska da bayan hannu tana murmushi. Suka rufo ƙofar suka koma falo.

Na leƙa bayan awa biyu. Ya bushe. Shuɗin ya yi hazo-hazo, katakon ya taso da tsaga-tsaga a tsaye kamar tsohon benci, fenti yana ɓarewa a bakin kowace tsaga. Inda Anti Babba ta fi dannawa babu komai sai farin itace. Ɗaya daga cikin 'yan sama jannatin ba shi da fuska. Hannunsa kawai ya rage a sama.

Matar ta iso da maza biyu. Dattijuwa ce mai furfura, da rigar ruwa. Ta rungume Mama, ta ce Kawu mutumin kirki ne, yaran suna ta tambayar injin. Mama ta kai ta ɗakin da kanta, ta buɗe ƙofa, ta ce da Turanci, "Mun ɗan gyara muku shi."

Matar ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu za ta taɓa, ta fasa. Ta dubi ledar kusoshi. Sannan ta dubi hannun Mama da ya yi ja saboda bilic, da idonta.

"Kun sha aiki," ta ce. "Na gode."

Ta sa mazan suka ɗauka, suka sauka da shi hawa huɗu suna hutawa a kowane hawa. A bakin ƙofa ta tsaya kusa da ni ta ce a hankali, "Ke ce jikar da yake ba ni labari? Mai ido?" Na gyaɗa kai. Ta ƙara kallona kaɗan, ta bi su.

Baba ya kai makulli. Muka kama hanyar Manchester ana yayyafi, motar duk warin bilic. Anti Babba ta yi barci tun kafin mu fita gari. Mun yi nisa, sai Mama ta juyo daga kujerar gaba.

"Kin ga matar nan har ta kasa magana? Ko ba komai mun sallame shi da tsafta." Ta dube ni. "Ke ce kika fi kowa zama a ɗakin nan. Haka yake son sa, ko?"

Baba ya dube ni ta madubi. Mama ba ta juya ba, tana riƙe da kan kujera, tana jira. Kwana tara rabon da in ga fuskarta ta saki haka.

"Haka yake so, Mama," na ce.

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta gyara zama, ta jingina kanta da gilashi, ba a jima ba ita ma ta yi barci.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ɗumi a inda yake kwance. Ka ba Mama ladan niyyarta. Ni kuma ban san abin da zan roƙa wa kaina ba tukuna.